Rijiyar da Kaji Ke Ƙwai a Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye sauran, da ranar da na je neman aikin malamin rijiyoyi a Tudun Wada, zamanin En'e. Saura wata huɗu in gama kwalejin horon malamai na ɗauko akwatina na dawo gida Ba'awa (wai ni an raina ni, an sa ni shara). Shekara biyu ina zaune, Inna ke ci da ni, ƙato da ni.

Mu biyu muka nema. Ɗayan ya miƙa satifiket ɗinsa ya koma gefe. Ni kuwa na gyara hula na hau zuba: "Ranka ya daɗe, takarda ai takarda ce. Ƙwaƙwalwa ake nema."

Wakilin ayyuka, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce, "Yaro, ni ko Turancin jikinta ban iya karantawa ba. Abu ɗaya take gaya mini: mai ita ya fara abu ya kai ƙarshensa. Kai me ka taɓa gamawa?"

Bakina ya riga hankalina. "Rijiya na haƙa a gidanmu."

"Madalla. Jibi zan bi ta wajenku, sai in sha ruwanta."

Na ɗauka faɗa ce kawai irin ta manya. Wallahi jibin sai ga shi a kan keke! Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, Inna ta leƙo gaisuwa, ya ce a ɗebo masa ruwan rijiyar ɗanta.

"Wace rijiya?" in ji Inna. "Au, ramin nan? Ranka ya daɗe, iyakarsa ƙugu. Kwana uku ya yi ya ce bayansa na ciwo. Kajina ke ƙwai a ciki."

Ya ce sai ya gani. Muna leƙawa wata kaza ta taso fur, ta kusa ture masa rawani. Na so ƙasa ta haɗiye ni (ga rami a shirye, amma ko rabina ba zai ɓoye ba).

Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya ce, "Aikin na mai takarda ne. Amma zai so mataimaki. Ran da ka tadda ruwa, ka zo."

Wata biyu ina haƙa, tafin hannuna duk ya sale. Da zurfin ya kai gaba goma sha ɗaya laka ta fito, na zauna a ƙasan ina kuka kamar yaro. Na samu aikin mataimakin.

Tun daga nan, duk abin da na fara sai na ga ƙarshensa. In kuma cika baki ya kama ni, ba na yin sa a kan abin da Inna za ta iya ba da shaida.