Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Ba Ta Zubar da Sunan Kowa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya ƙi yin hawaye a gaban masu murna, ni Rufaida Mujitaba Dangora nake sanar da rasuwar kwamfutata, Dattijuwa, ranar Alhamis da hantsi, a ofishinmu na rajistar manoman da za a raba wa taki.

Marigayiya ta yi shekara tara a duniya, huɗu a hannuna. Aikinmu ni da ita loda sunaye. Manhajar da aka ba mu kuwa, da ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya sau biyu, sai ta ce maimai ne, ta kori na biyun. Wanda ya tsara ta bai taɓa zuwa Kafin Maiyaki ba. Da ya je, da ya san akwai Mu'azu Lado uku, kowa da gonarsa, kuma duk dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba ɗaya ga Janairu aka rubuta masa.

Duk sunan da aka kora, marigayiya takan yi ƙit, ta ajiye shi gefe da dalilin korarsa. Ni kuma in hau acaɓa in bi su gida gida, daga Ƙofa har Doguwa, tana goye a bayana. Mun sha rana, mun sha ruwan sama, mun faɗi a laka sau biyu. A cikin suna ɗari uku da sha ɗaya, arba'in kacal muka samu maimai na gaske. Sauran mutane ne masu rai.

Shugabanmu, Malam Kamilu, ya ce wannan ɓata lokaci ne, na'ura ba ta kuskure, kuma yarinya mai digiri ba ta kamata da yawon ƙauye ba. Ya ce in goge sunayen da aka kora. Ban goge ba.

Ta yi doguwar jinya. Batirinta ya kumbura, fankarta tana gurnani kamar injin markaɗe. Sau uku na nemi a sauya mata batir, sau uku Malam ya ce zai duba. Ranar Alhamis janareta ya yi tsalle, ta yi fiii, allonta ya yi baƙi. Malam ne ya fara yi mini gaisuwa, kuma ban taɓa ganin mai ta'aziyya da fara'a irin tasa ba. Ya tuna mini cewa ranar Litinin za a rufe rajista da sunayen da manhajar ta karɓa kawai.

Ta rasu ta bar caja ɗaya naɗe da salatif, da jakar da zif ɗinta ya mutu, da 'yar autarta, filash mai adana bayanai, wadda Malam bai san da haihuwarta ba. Sunayen nan duka suna cikinta.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe tara na safe, a ƙofar ofishin Malam Kamilu. Na aika wa mutum ɗari biyu da saba'in da ɗaya, kuma sun ce za su zo. Kowa ya riƙo katin shaidarsa. Mu'azu Lado uku ne za su tsaya a sahun gaba, don Malam ya nuna mana da yatsansa biyun da babu su.