Rurin da Tasalla Ta Ƙera wa Sarki

A Dajin Kwarya kowa ya san matsayinsa. Zaki ke mulki, Waziri Dila ke magana da yawunsa, Galadima Kura ke tsaron rumbun nama, sauran dabbobi kuwa aikinsu sauraro. Hujjar sarautar tatsuniya ce guda: wai Dodo ya taɓa hana shan ruwa a rijiya, kakan Zaki ya yi ruri sau ɗaya, Dodo ya arce. Shekara uku ke nan ba a ji rurin sarki mai ci ba, amma Waziri ya ce natsuwa ce irin ta manya.

Sai wata budurwar bushiya, Tasalla, ta gaji da labarin, ta sake rubuta shi don tsaranta. Ta kai shi shekara dubu gaba, cikin kumbon da ke ratsa taurari. Rijiya ta zama tankin ruwa, Dodo ya zama baƙo daga wata duniya, Zaki kuma na ƙarfe ne, da lasifika a ƙirji da maɓalli a ƙeya, wani bafade ke dannawa in ana son ruri. Matasa suka yi ta kwafa. Har 'ya'yan birai suka shiga danna ƙeyar juna suna faɗuwa gaisuwa.

Aka kira majalisa, aka tsayar da Tasalla a tsakiya.

Dila ya gyara murya. "Ya ku dattawa, ba mu ƙin ci gaba. Mu muka yarda a yi wa kunkuru hanya tasa daban. Amma yarinyar nan ta saka wa tarihi batir, kuma batir ƙarewa yake yi."

Kura ta miƙe. "Ni sau huɗu na karanta don in tabbatar da muninsa. A ba ni ita in yi bincike, amma a fara cire mata ƙayar."

Tsohon Kunkuru, wanda aka ɗauka barci yake, ya ɗago kai. "Abin ai da sauƙi. Sarki ya yi ruri ɗaya, ƙarya ta mutu."

Zaki ya buɗe baki, ya yunƙura, sai ga wani ɗan tari kamar na akuyar da ta shaƙi dusa.

"Mai martaba ya ce a ƙarasa a asirce," in ji Dila.

Da aka shiga da ita ɗaki, Tasalla ta dunƙule tana jiran mutuwa. Dila ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"'Yata, wannan lasifikar ta cikin labarinki, tana ƙeruwa?"

"Ranka ya daɗe, ƙirƙira ce kawai."

"Galadima na waje ba ta karya kumallo ba. Sake tunani."

Ta sake tunani. Kwana tara ta yi tana fama da kogon kuka, da ƙatuwar ƙwarya, da fatar ɓauna, da igiya. In aka ja igiyar, ƙasa har girgiza take. Aka ɓoye abin bayan karaga, aka ɓoye Tasalla bayan abin.

Ranar kasuwa aka tara daji. Zaki ya wangale baki, Tasalla ta ja, ruri ya tashi, tsuntsaye suka zubo daga reshe, tsofaffi suka yi hawaye. Ita kuwa kunya ta ishe ta. Ta leƙa ta wata tsaga, ta hango ƙawayenta sun kifa goshi a ƙasa.

Dila ya fito yana jan riga. "Kun dai ji da kunnenku. Saboda haka daga yau an haramta wannan labari, duk wanda aka kama da..."

Tasalla ta dubi igiyar da ke hannunta. Ta ja.

Ruri ya katse Dila. Ya sake farawa, ta sake ja, har sau uku.

"Sarki bai yarda ba!" Kunkuru ya ce, jama'a suka ɗauka da sowa.

Dila ya waiga bayan karaga, ya dubi taron, ya auna abin da zai iya faɗa. Sannan ya durƙusa gaban Zaki, wanda har lokacin bai gama rufe baki ba.

"Tuba nake, ranka ya daɗe."