Fuskar Mai Girma a Ƙarƙashin Bonet

Masu karatu, ku yi haƙuri da ni, ba ni da al'adar tsoma baki a harkar manya. Sai dai jiya yayana Mamuda ya shigo gida jiƙe sharkaf, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka a Ikara ba. Direba ne, yana tuƙa wani Mai Girma da muke kira Inuwar Talakawa, duk da inuwar ba ta taɓa fitowa daga cikin mota ba.

Abin da ya faru shi ne, na'urar sanyaya motar ta fara hura iska kamar numfashin tanda, ga ziyarar Paki ta matso. Mamuda ya kai ta wajen Ukasha mai gyaran sanyi a Makarfi. Ashe gas ɗin sanyi ma dangi-dangi ne: na firji daban, na ɗaki daban, na mota daban, motocin ma tsohuwa da sabuwa ba sa cin tuwo ɗaya. Kowace mota an manna mata 'yar alama a ƙarƙashin bonet, wato murfin inji, mai faɗar irin nata.

Suka ɗaga bonet. A daidai kan alamar, sai ga sitikar kamfe, Mai Girma yana murmushi.

"Ɓare ta mu gani," in ji Ukasha.

"Ɓare da hannunka."

"Ni? Ina da iyali, Mamuda."

"Ni kuma gwauro ne?"

Aka kira Mai Riƙe da Jakar Mai Girma. Ya iso, ya dubi hoton, har ya gyara hula. Ya ce duk wanda ya sa farce a fuskar nan ya nuna inda ya dosa a siyasa. "Kuma wai meye na wahala? Sanyi ai sanyi ne. Akwai tukwanen gas jibge a sito, waɗanda aka sayo don na'urorin ofis." Na'urorin da har yau ba su iso ba, amma Allah ya saka wa manyanmu, gas ɗinsu ya riga su zuwa. Wannan shi ne hangen nesa.

Ukasha ya ce, "Yadda ka ce, yallaɓai," ya ɗura.

Sun wuce rabin hanyar Paki kwamfiresa, zuciyar na'urar sanyin, ta yi wani kuka kamar akuyar da ƙofa ta matse, ta yi shiru. Mai Girma ya jure, ya cire hula, ya jure, ya kwance wuyan riga. Daga ƙarshe ya aikata abin da bai taɓa yi ba tun da aka rantsar da shi: ya sauke gilashi.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da ramukan hanya suka sa mota rage gudu, wani tsoho ya leƙo da tambayar takin da aka yi alkawari tun damina biyu. Mata suka kawo zancen rijiyar burtsatse. Wata ma ta miƙo masa tumatir ruɓaɓɓe, wai ya duba da idonsa abin da hanyar ke yi musu.

Mamuda ya dawo jiƙe da gumi, ya kasa cin tuwo. Ya san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Maƙwabciyarmu Inna Bilki ta leƙo ta katanga.

"Ɗan nan, an kore ka ne?"

"Sai gobe za a faɗa, Inna."

"To kafin su karɓe makullin, sake ɗura masa irin wancan. Mu ma nan unguwar muna da magana."

Yau da safe aka kira Mamuda. Ya tafi yana salati. Ashe labari ya zagaye har Hunkuyi cewa Mai Girma mutum ne mai sauƙin kai, yana tafiya gilashi a buɗe. Mai Riƙe da Jaka ya ce shi ya tsara hakan. Mamuda kuwa aka yaba masa, wai ya gwammace mota ta mutu da ya taɓa fuskar ubangidansa. Aikinsa ya tsira.

Motar fa? Gyara sai an ɓare hoto, don haka an yi odar sabuwa. Mamuda ya ce an riga an ware mata sitika, babba, mai ƙyalli.

Ni dai Inna Bilki ta aike ni in tambayo ranar da gas ɗin sabuwar zai ƙare.