Gwiwar Baffa a Kwamfuta

Shekarar da na dawo Gaya da takardar shaidar karatun gashin ƙashi, gani nake babu gaɓar da za ta gagare ni. Sai ga Baffa, yayan mahaifina, ya taso daga Toranke da ciwon gwiwar da ya hana shi cirar gyaɗa.

Aikin gwajin gwiwa ba wuya. Ana manna 'yan fararen takardu a cinya da gwiwa da idon sawu, a ɗauki bidiyon tafiyar mutum, kwamfuta ta zana yadda gaɓar ke lanƙwasawa. A kan fata ake mannawa. To da wane bakin zan ce wa Baffa ya naɗe wando har cinya? Na manna su a kan ƙaton wandonsa.

Zanen ya fito yana ta karkarwa, don wandon rawarsa yake daban. Na zauna ina tacewa, ina goge duk wani tsalle, har layin ya kwanta sumul. Ashe har ɗingishin na goge.

"Baffa, gwiwarka lafiya lau take," na ce, ina nuna masa allon.

Ya daɗe yana kallo. "To ɗana, ba ni wannan ta cikin allon in tafi da ita gida."

Ya ɗingisa ya fita. Sai da aka kai shi Kano aka zuƙe masa ruwa a gwiwar, gyaɗa kuwa ta tsira a ƙasa.

Har yau a Toranke Likitan Wando ake kirana. Duk sallah in na durƙusa gaida Baffa, sai ya ce wandon ma yana gaishe ni, ya ji sauƙi.