Sulken Kakanmu a Kan 'Yan Tsaki

Ba zan taɓa mantawa ba da abin kunyar da na tafka wata uku da kai ni ɗakin miji a Kiru, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Lokacin ba ni da buri irin surukina, Baba, ya ce ɗansa ya dace da mace mai hankali.

Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara, shirwa ta sa su gaba, kwana biyu ta sure biyu. Ina share ɗakin shirgi sai na tono wata jakar fata, a ciki raga ce ta zobban ƙarfe, duk tsatsa, ga nauyin tsiya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na kafa turaku huɗu bayan ɗakina, na baza ta a kai, na tura 'yan tsaki ƙarƙashi, uwar kuma ta mai da samanta makwanci. (Na ga wuya da hannuwa, amma hankalin nawa bai ce min riga ce ba. Ta hannun ma nake zuba musu gero.)

Ana nan matar wan mijina ta haifi namiji. Ashe al'adar gidan, ranar suna sai an ɗora jariri a kan sulken kakansu. Aka nema aka rasa. Ni da sulke sai a tatsuniya, na ɗauka abu ne mai walƙiya. Na fi kowa zaƙewa wajen nema, har ina faɗa a gaban mata cewa wanda ya ɗauka ba ya tsoron Allah.

Baba ya shigo tsakar gida yana yi wa baƙi bayani: sulke rigar yaƙi ce ta zobban ƙarfe, ba lifidi ba da ake cusa wa auduga; fatake suka kawo shi daga Masar, kakansa ya sa shi zamanin harin Ningawa. Yana cewa zobba na tuna da ragar da na baza wa 'yan tsaki. Wata gwaggo da ta zaga bayan ɗaki ta dawo tana salati.

Kowa ya bi ta. Ga sulke a baje, kashin kaji ya yi masa ado. Na durƙusa, na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya dubi sulken, sannan ya ce, “'Yata, tun da kika rufa, nawa shirwa ta ɗauka?”

“Ko ɗaya, Baba.”

“To, kakana da ya sa shi a ƙafa aka harbe shi, da ɗingishi ya koma ga Allah. A hannunki ya fara cika aikinsa.”

Gida ya ɗauki dariya. Har azahar ina dirzar zobba da toka da tsamiya, kuma har na yi jikoki Barden Kaji ake kirana. Tun ranar, duk abin da na gani da wuya da hannuwa, sai na tambayi mai shi kafin in ba kaji.