Ranar da Kyamara Ta Ƙi Kallon Kansila Tsawa

"Ni in na miƙe a zauren majalisa, ko ƙuda ba ya motsi," in ji Kansila Tsawa, yana kishingiɗe a kujerar mai aski, an ɗaure masa ƙyalle a wuya. "Tsit kake ji. Ciyaman da kansa yakan ajiye biro."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji mai aski. "Ɗan sunkuyo."

Kada ka wahalar da kanka wajen neman wanda ya raɗa masa Tsawa, mai karatu. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta a bayan motarsa. Shekara uku ke nan yana majalisar ƙaramar hukuma, kuma duk abin da aka taɓa ji daga bakinsa a can shi ne "na goyi baya", shi ma yawanci bayan an wuce wurin. Amma da ya fito, ya iso shagon aski, sai ka rantse shi ke riƙe da ginin kada ya faɗi.

A gaban shagon kuwa akwai wata kwata da ta toshe tun kafin a zaɓe shi. Katako aka gitta a kanta, kowa ya zo aski sai ya bi ta kai yana toshe hanci. In aka yi ruwan sama, kwatar kan shigo shagon ta gaisa da mutane. Ga zaɓe ya ƙarato, kuma a kan bencin shagon nan dattawan mazaɓa ke zama su yanke wanda za su mara wa baya.

Wani tsohon tela da ke jiran layi ya gyara tabarau. "Onarabul, wannan faɗan da kake yi mana a kan kwata, mu dai labarinsa muke ji. Da ana ganinka, ai da ba sai ka yi kamfe ba."

"Gani kuke so?" in ji Tsawa. "Za ku gani. A wayoyinku, kai tsaye. Ni zan kawo muku majalisa har cikin aljihu."

Sai da ya shiga mota ya fahimci abin da bakinsa ya jawo masa. Ya yi lissafi, ya ga ai abin bai kai ya kawo ba. Jawabi ɗaya ne tak. In ya yi shi da kyau, ya biya bashin shirun shekara uku.

A zama na gaba ya ɗaga hannu ya kawo shawarar a riƙa watsa zaman majalisa ga jama'a ta intanet. Sakatare ya ɗago kai yana dube-dube, don bai gane muryar ba. Ciyaman, wanda bai taɓa ƙin a ɗauke shi hoto ba, ya amince nan take, ya naɗa Tsawa shugaban kwamitin da babu kowa a ciki sai shi.

Sakatare ya same shi a ofis da zaɓi uku.

"Na farko, a kafa kyamara a saman ƙofa, ta ɗauko zauren gaba ɗaya."

"Ni da ke zaune can lungu kusa da taga? In fito kamar maɓallin riga? Wuce."

"Na biyu, wani ma'aikaci ya riƙe waya, yana juyawa ga mai magana."

"Hannun mutum yana da jam'iyya. Wuce."

"Na uku, akwai wata kyamara mai juya kanta. Ba ta san kowa ba. Inda ta ji sauti ya fi ƙarfi, can take kallo."

Tsawa ya yi murmushi har kunne. "Wannan ita ta san mutane."

"Da dai an gwada ta tukuna, yallaɓai."

"Ni ne gwajin."

Ya koma gida ya rubuta jawabi mai kauri, ya shige gareji ya kama atisaye. Mako guda cur yana daka wa motarsa tsawa a kan kwata. Ya nuna ta da yatsa, ya buga ƙirji, ya tambaye ta ko tana tsoron Allah. Maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya, suka ce in rikici ne a kira manya.

Matarsa ta leƙo da kofin ruwa. "Baban yara, ka rage wa ranar wani abu mana."

"Ke, muryar nan gado ce. Kakana daga gona yake kiran gida. Sa min ƙanƙara a ruwan."

Ya sa aka manna takardun sanarwa a duk sandar lantarki. Ya ɗauko talabijin ɗin falonsa ya kai shagon aski, aka haɗa da waya, don kada wani dattijo ya ce ido bai gani ba.

Ranar zama da safe ya tashi, ya buɗe baki zai ce wa matarsa ina kwana. Iska ce ta fito, irin ta tayar da ta taka ƙusa. Ya sake gwadawa. Tayar ta ƙarasa sacewa.

Matarsa ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Ta dai kawo ruwan zafi da zuma. Ya sha kofi ɗaya, ya sha biyu, ya sha har cikinsa na ƙugi. "Ka ce a ɗaga zaman," in ji ta. Ya girgiza kai, ya nuna maƙogwaro, ya nuna sama, ma'ana in ya ga jama'a za ta dawo. Ya saka rigarsa mafi faɗin hannu ya fita.

An ɗora kyamarar a kan teburin tsakiya, ƙarama, baƙa, tana zare ido kamar mujiya. Ciyaman ya buɗe taro, ta juya ta dube shi, kowa ya yaba. Da ya tsaya shan ruwa, sai ta juya ga tsohuwar fankar da ke kusurwa, wadda ke yin ƙwas-ƙwas duk lokacin da ta waiwaya. Jama'ar gari suka shafe mintuna suna kallon fanka, kuma wasu sun ce ba ta fi sauran shirin muni ba.

Tsawa ya lallaɓa ya kashe fankar, ya dawo yana jin ya yi maganin abokiyar hamayya.

Zafi ya sauko. A majalisar akwai wani kansila da kowa ke kira Baba, wanda ya girmi ginin da kansa. Da fanka ma yakan rufe ido ya yi nazari, balle babu. Kafin a gama karanta abin da aka tattauna a zaman baya, nazarin Baba ya fara fitar da sauti. Kyamara ta juya ta tsaya a kansa cikin ladabi. Sakatare, da ke duba saƙonnin masu kallo a kwamfuta, ya ga an rubuto: "A yi magana a hankali, Baba na hutawa."

"Batun kwata," in ji Ciyaman. "Kansila Tsawa."

Tsawa ya miƙe. Ya gyara riga, ya ɗaga yatsa sama, ya buɗe baki. Duk abin da ya koya a gareji ya zo daidai: ga harara, ga bugun ƙirji, ga juyi a kan diddige. Abu ɗaya ne kawai bai zo ba. Kyamara ko waiwaye ba ta yi ba, tana can wajen Baba.

"Muna sauraronka, Kansila, fara mana," in ji Ciyaman.

"Ya fara tun ɗazu, yallaɓai," in ji Sakatare.

Tsawa ya daki tebur. Cokali ya yi tsalle a cikin kofin shayi, kyamara ta juyo ta duba cokalin, ta ga ba shi da ƙarin bayani, ta koma ga Baba.

Kusa da Tsawa kuwa akwai kansilar mazaɓar maƙwabta, wadda ake kira Hedimistires, don ta yi shekaru tana tara ɗalibai a filin makaranta ba tare da lasifika ba. Ta dube shi ta saman tabarau kamar yaron da ya manta karatu.

"Kawo nan, ƙanena, kada ka shaƙe."

Ta karɓe takardun jawabin. Ta tsallake shafukan farko inda ya ba da tarihin kakansa, ta tsallake inda ya kwatanta kansa da zaki, ta sauka daidai kan kwata. Da ta buɗe murya, gilashin taga ya amsa. Kyamara ta juyo da sauri kamar an kira sunanta, ba ta ƙara motsi ba. Hedimistires ta karanta batun katako, da sauro, da ruwan da ke shiga shaguna, ta ƙara da nata, ta tambayi Ciyaman ko yana so ta kai shi ya tsallaka da kansa.

Tsawa bai zauna ba. Tunda jawabinsa ne, ya ga ya dace ya raka shi da hannu. A gefen hoton, abin da jama'a ke gani kawai shi ne wani faffaɗan hannun riga yana sama yana ƙasa. Saƙo ya shigo wa Sakatare: "Wane ne mai yi mata fifita? Yana da ƙoƙari, a ƙara masa albashi."

Baba ya farka a firgice ya ce, "Na goyi baya." Ko wannan ma ba a bar wa Tsawa ba. Ciyaman ya dubi kyamara, ya tuna gari na kallo, ya ce a fara aiki cikin makon.

Tsawa ya koma zai zauna. Sai dai garin juyi a kan diddige ya riga ya ture kujerarsa baya, kuma babu wanda ya ga dalilin katse jawabi don a gaya masa. Ya sauka a ƙasa gaba ɗayansa, da shi da ruwan zumar da ke cikinsa. Wannan shi ne sauti mafi ƙarfi da ya taɓa yi a zauren. Kyamara ta juyo, ta sunkuyar da kai, ta dube shi da kyau, ta daɗe.

Aka yashe kwata, aka zuba siminti, aka cire katako. Tsawa ya daina bin layin shagon aski har gashi ya fara rufe masa kunne, matarsa ta ce ko ya je aski ko ta ɗauko almakashi. Ya je. Dattawa na kan benci, talabijin ɗinsa na nan a bango.

Murya ta dawo, don haka ya fara tun daga ƙofa. "Makirci ne. Kyamarar nan 'yar adawa ce, ina da hujja."

"Zauna, ranka ya daɗe," in ji mai aski, yana riƙe masa kujerar da hannu biyu. "Ai ka gaya mana in ka miƙe tsit ake ji. Mun saurara, wallahi ba ka yi ƙarya ba."

Tela ya gyara tabarau. "Mun zauna a kan maganarka, Onarabul. Kai za mu sake zaɓa."

Tsawa ya buɗe ƙirji, ƙyallen wuyansa ya ɗaga. "Na san jama'a sun san aiki."

"Sun sani. Shekara uku kana da murya, kwata na nan. Rana ɗaya ka rasa ta, an gyara. Don haka sharaɗi biyu ne. Kada ka canja wurin zama, ka tsaya kusa da baiwar Allahn nan."

"Na biyun fa?"

"Duk makon da za a yi zama, ka koma gareji. Ƙanƙarar kuwa, mu za mu saya."