Ranar da Na Kai wa 'Yan Nazare Fatalwa

Ko me zan manta a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da walimar ƙarshen zango ta farko da na yi a wata makarantar kuɗi a Kamazou ba. Lokacin ina kan gwaji, kuma mai makarantar, Madam Saratu, ta ce sai bayan walimar za ta yanke ko za ta riƙe ni. Da rawar kai irin ta sabon ma'aikaci, ana cewa wa zai samo wa 'yan nazare katun, har na ɗaga hannu.

Da ma ina ɗaukar kaina masanin fim. (Masanin da karanta sharhi ya fi masa kallo sauƙi, amma wannan tsakaninmu.) Na shiga intanet na ci karo da wani katun ɗin Japan, irin wanda ake kira anime, masu sharhi sai zuba masa taurari suke yi. Wannan ya yabi zanen, wancan ya yabi kiɗan, wani ma ya kasa barci bayan ya kalla. Na ce lallai daɗi ya ratsa bawan Allah. Hoton gaban kuma wata yarinya ce mai dara-daran idanu cikin kayan makaranta. Katun ai na yara ne, wa bai san haka ba? Na sauke shi a waya, ko buɗewa ban yi ba.

Ranar walima zaure ya cika da yara da iyayensu, ana ta rabon shinkafa da lemo. Maimakon in haɗa wayar da talabijin in kunna in koma gefe, sai da na karɓi makirufo na yi jawabi. Na ce masanan duniya sun sara wa wannan fim, zai buɗe wa yara ƙwaƙwalwa. Wani Alhaji daga Makera, baban wasu tagwaye, har tafi ya yi mini.

Farkon lafiya lau. Yarinyar ta fita daga aji ta shiga banɗaki, ta sunkuya tana wanke hannu a gaban madubi. Sai ta cikin madubin ta ɗago kai ita kaɗai. Ta yi murmushi har bakin ya kai kunne, ta zuro wani dogon hannu ta fizge yarinyar ciki.

Zaure ya kaure da ihu. Wata uwa tana kiran Yesu, Alhaji yana jero a'uziyya, tagwaye sun shige cikin babbar rigarsa. Na ruga zan kashe, garin sauri na danna wajen ƙara murya. Fatalwar ta sake leƙowa, na ƙwalla wata ƙara da ta danne ta yaran duka. (Makirufo yana hannuna, a kunne.) Sai da aka kashe janareto aka samu lafiya.

Madam ta tako har gabana. "Malam, wetin be this? Ka kalli abin nan kafin ka kawo?"

Na ce, "Madam, ai masu sharhi sun ce..."

Alhaji ya katse ni yana gyara hula. "Malam, su masanan nan naka, suna da 'ya'ya kuwa?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na tafi hutu na riga na fidda rai da aikin.

Da aka dawo, Madam ta kira ni ofis ta ce ba za ta kore ni ba, don tana da buƙatata. Babu ɗan nazaren da ke yarda ya je banɗaki shi kaɗai, duk da an cire madubin da ke ciki.

"Kai ka kawo fatalwar," in ji Madam, "kai za ka riƙa raka su."

Haka na ƙare zangon nan, da takardar shaidar malanta da komai, a tsaye a bakin banɗaki ina rera waƙar ABCD da ƙarfi don na ciki ya san ban gudu ba.

Tun daga nan, duk yabon da aka yi wa miya, sai na ɗanɗana kafin in zuba wa baƙi. Amma in za a faɗi gaskiya masu sharhin nan ba su yi ƙarya ba, fim ɗin ya yi. Ni ma har yau in ina wanke hannu ba na ɗaga kai.